Abin da Muka Dasa a Fadamar Namtari

Mutumin da muka yi bincike tare a shekarun nan, kowa Injiniya yake ce masa, har matarsa. Daga kudancin Adamawa iyayensa suka zo, amma a Jimeta ya girma, kuma Hausar Jimeta ce a bakinsa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "ka" ne a wurinsa. Tun ina gyara masa har na gaji na bari. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na sashenmu a jami'a kafin ya koma karatu, muka haɗu a hannun malami ɗaya, ni ina neman digiri na uku, shi na biyu. Mutum ne mai haƙuri da ƙananan wayoyi da ƙusoshi, marar haƙuri da shiru. In kuwa ya kanga wayar salula a kunne, ɗaga murya yake kamar mai kiran kwale-kwale daga ɗaya gaɓar Binuwai.

Aikinmu, in an sauke masa dogon Turancin da muke jibga masa a takarda, ba wani abin tsoro ba ne. 'Yan akwatunan roba ne, kowanne bai wuce sabulun wanki ba. A ciki akwai batir da ƙaramar na'ura, a sama 'yar eriya da ɗan ƙwan fitila, a ƙasa kuma wani harshe na ƙarfe da ake cusawa cikin ƙasa ya riƙa ɗanɗana danshi. Kowane akwati yana miƙa abin da ya ji ga maƙwabcinsa ta iska, wannan ya ba wancan, har saƙon ya iso ga babban akwatin da muke kira uwa, ita kuma ta ba kwamfuta. Manomi zai san wane ɓangaren gonarsa ne ke jin ƙishi, wane ne ruwa ya fara ci, ba sai ya taka ko'ina ba.

Abu biyu ne suke ba mu ciwon kai. Na farko batir. Akwatin da ya zauna kullum kunne a buɗe, ba ya daɗewa batirinsa ya ƙare, don haka aikin Injiniya shi ne koya musu barci. Su yi ta barci, can an jima su buɗe kunne na ƙiftawar ido, in ba a kira su ba su koma. Nawa aikin kuwa kulle ne. Saƙon da ke yawo a iska kowa na iya tare shi, ko ya ƙirƙiro na ƙarya ya cusa a ciki. Ni nake dagula saƙon yadda ba mai karanta shi sai mai mabuɗi, kuma dole kullen ya zama marar nauyi, don kulle mai nauyi batir yake ci. Mun sha faɗa a kan wannan. Shi yana cewa kullena ya cika haɗama, ni ina ce masa barcin akwatunansa ya fi na kasa.

Bappana, ƙanin mahaifina, yana da gonar shinkafa a fadamar Namtari, shi ya ba mu wuri. Ranar farko da ya ga Injiniya a durƙushe yana tona ɗan rami yana cusa akwati, ya yi dariya ya ce, "To, kun dasa, Allah Ya sa ya yi yabanya." Daga nan kalmar ta zauna, don ba mu da wata Hausar da ta fi ta. Dasawa muke yi. In kuma sun yi barci, me ake yi wa mai barci in ba tayar da shi ba? Haka muke magana a ofis, a gona, a waya.

Sai dai garin da muke ciki yana da nasa kunnen. Shekarun nan ne da mutanen arewacin jihar suka gudo wa rikici suka cika Yola da Jimeta, kusan kowane gida da baƙinsa. A ƙofar kasuwa ana laluba jaka, a ƙofar masallaci da coci ana laluba mutum. Tayar mota in ta fashe, sai ka ga mata sun zubar da tumatir sun ranta a na kare. A rediyo kuwa, in an zo labarin bam, kalmomin da ake ji ke nan kullum: an dasa, an tayar, ya tashi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Ni kaina na san yadda ake ja da baya a layin banki in an ga hijabina ya ɗan yi faɗi.

Mun shirya babban gwaji. Malaminmu zai zo da wasu daga sashe, Bappa kuma ya gayyaci maƙwabtansa na gona su zo su kashe ƙwarƙwatar idonsu. Ana gobe, Injiniya ya tafi Namtari da sababbin akwatuna, ni na zauna gida a unguwar Adarawo, cikin Yola, ina ƙarasa gyaran kulle. Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Ina jin ƙugin keke-napep da hayaniyar titi a bayansa, na san ya sauka daga motar Namtari ya shigo Jimeta.

"Madam, kana ji na? Na gama. Na dasa su duka, na rufe da ciyawa, ba wanda zai gani."

Na ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Ba abin da ya rage?"

"Saura biyu a jaka, na makaranta ne, da safe zan kai. Gobe in mutane sun taru, sai mu tayar da su gaba ɗaya."

Na buɗe baki zan ce Allah Ya kai mu, sai na ji keken ya ci burki. Wata mace ta ƙwalla ihu. Muryar wani namiji ta zo dab da wayar: "Kai! Me ka ce ka dasa?" Na ji Injiniya yana dariya, irin dariyar wanda bai gane ba tukuna, yana cewa, "A'a, oga, ba haka ba ne, bari in nuna maka." Na miƙe tsaye ina ihu cikin waya, kada ka buɗe jakar, kada ka taɓa jakar. Ban san ko ya ji ba. Wayar ta faɗi a kan kwalta, na ji gudun ƙafafu, na ji ana cewa, "Ɗan bam ne! Ku tare shi!" Sai layin ya yanke.

Na tsaya a tsakar ɗaki na maimaita maganarsa da kunnen wanda bai san mu ba. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma babu kalma ɗaya da ba za ta iya halaka shi ba. Tun ina yarinya nake jin baki shi ke yanka wuya, ina ɗauka da masu tsegumi ake.

Na yi ta kiran lambarsa tana shiga ba a ɗauka. Can wani ya ɗauka, murya a shaƙe. "Ke ce Madam ɗin?" Na ce ni ce, don Allah kada a taɓa shi, ma'aikacin jami'a ne. Ya kwatanta mini inda suke, kusa da wani shataletale, ya ce in na isa in zo. Mijina ya yi tafiya a lokacin. Malaminmu kuma wayarsa a rufe. Na suri kwamfuta da katin aikina da makullin mota, na nufi gidan Bappa, da yake unguwarmu ɗaya.

Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Yana ganin fuskata ya ce, "Jam na?"

Na ce, "Ba lafiya, Bappa. Za su hallaka Injiniya."

Bai tsaya dogon bincike ba. Na gaya masa abin da Injiniya ya faɗa a keke, ya rufe ido ya ce innalillahi, ya ɗauki hula da sanda ya shiga mota. Hanyar Yola zuwa Jimeta na bi ta sau ba adadi, ban taɓa ganin tsawonta ba sai ranar. A kowane shinge sai an tsayar da mu, a leƙa, a ce a buɗe but ɗin mota, ni kuwa ina murmushin dole ina jin kamar in take shingen in wuce. Bappa yana ta jan carbi, sau ɗaya ya yi magana, ya ce in rage gudu, gawa ba ta ceton kowa.

Tun daga nesa na ga wurin. Mutane sun yi da'ira mai faɗi, tsakiyarta fayau, ba komai sai baƙar jakar Injiniya a yashe a kan kwalta da takalminsa ƙafa ɗaya. Motoci sun juya sun koma. A gefe akwai rumfar 'yan banga, su ne suka ƙwace shi daga hannun jama'a, suka tsaya a bakin rumfar da gorori da bindigogin farauta. A bayan taron na hangi wani yana gangaro da tsohuwar taya, ba gaggawa yake ba, kamar mai jiran a ce masa bismillah.

Injiniya yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, jini ya bushe a gemunsa. Ya ɗago ya gan ni ya ce, "Madam, ka zo."

Wannan ya ja mini. Wani ya ɗaga murya, "Ga ta nan! Ita ce ya kira!" Na ga mutanen da ke kusa da ni sun watse, idanunsu a kan hijabina. Wani ya ce a sa ta cire, wani ya ce kada a matsa kusa da ita. Raina ya ɓaci har tsoron ya ɗan ja baya. Na ɗaga katina sama na ce, "Malamar jami'a ce ni, a garin nan aka binne cibiyata! Wanda ya san ubansa ya zo ya karanta!" Ban san me ya sa na faɗi haka ba, kuma bai taimaka ba. Bappa ne ya shiga gabana, ya dogara sandarsa, ya yi wa shugaban 'yan bangan magana da Fulatanci a natse, ya gaya masa ko shi wane ne, da gidansu, da gonarsa.

Shugaban ya russuna ya yi masa gaisuwar girma ta Fulani ya ce, "Barkama, mun san ka. Amma kunnen mutane ya ji abin da ya ji. In na sake shi yanzu, ba zai kai bakin titin can ba."

Mai keken yana nan, yana rantsuwa cewa da kunnensa ya ji. Matar da ta yi ihu, 'yar kasuwa ce, ta zauna a kan buhunta tana kuka tana cewa yaranta biyu suna makaranta, wace makarantar zai kai? Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Wani ya ce ai Kirista ne, ga sarƙar giciye a wuyansa. Wani ya amsa masa da cewa ɓad-da-kama ce. A wannan wuri duk abin da ka kawo na wanke kai, sai ya koma shaida a kanka.

Muna cikin haka motar jami'an tsaro ta iso. Babbansu mutum ne siriri, idanunsa jajur kamar ya kwana biyu bai runtsa ba, ba ya ɗaga murya. Ya saurari mai keke, ya saurari Bappa, ya saurare ni. Sai ya nuna jakar da haɓa ya ce, "Kin ce kin san abin da ke ciki. Je ki buɗe."

Na taka zuwa tsakiyar da'irar ni kaɗai. Na san abin da ke cikin jakar kamar yadda na san tafin hannuna, amma da na ga mutum ɗari suna ja da baya suna toshe kunne, sai da na dakata kafin na ja zif ɗin. Na fito da akwatunan biyu, na ɓalle murfinsu, na zare batir, na ɗaga sama kowa ya gani. Na ɗauka an gama. Jami'in ya jujjuya ɗaya a hannunsa ya ce, "Waɗannan biyu na gani. Waɗanda aka rufe da ciyawa fa?" Ya sa na buɗe kwamfuta, ya ce in nuna masa saƙonnin da akwatunan ke aikawa. Na nuna masa. Layi bayan layi na haruffa da lambobi a cakuɗe, ba kai ba gindi. Wannan cakuɗin shi ne abin alfaharina, shekaru na yi ina gina shi.

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, in danshin ƙasa kawai kuke aunawa, wa kuke ɓoye wa?"

Na fara bayani. Na ce in wani ya cusa saƙon ƙarya cewa ruwa ya cika, manomi zai toshe hanyar ruwa shinkafarsa ta ƙone. Na ce irin wannan aikin gobe asibiti zai yi amfani da shi, da madatsar ruwa. Ina magana ina jin maganar tana zubewa ƙasa, ko ni da nake yin ta ban ji ta kama ba. Ya bari na gama, sannan ya ce zai tafi da Injiniya a bincika. Aka sa masa ankwa.

Kowa a wurin ya san ma'anar a bincika a wancan lokaci. Mutum yakan shiga mota irin wannan, iyalinsa su yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, ba wanda zai ce ya gan shi. Wasu sun dawo bayan an fid da rai, wasu har yau shiru. Injiniya ma ya sani. Na ga ya dubi motar, ya dubi ƙasa.

Bappa ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce. Ba nisa. Gani ya kori ji."

Jami'in ya ɗaga kai ya dubi rana, ta fara karkata. Sannan ya ce da ni, "Ya ce gobe za ku tayar da su. To ku tayar da su yau, a gabana, shi yana tsaye a tsakiyarsu. In sun yi abin da kuka ce, ya kwana a gidansa. In magariba ta yi ban ga komai ba, na tafi da shi, kuma ba zan ƙara sauraron kowa ba."

Muka kama hanyar Namtari, motarsu a gaba da Injiniya a baya tsakanin masu bindiga biyu, ni da Bappa muna biye. Damina ce, shinkafa ta yi kore shar, ƙasa duk taɓo. Suka tsayar da motarsu a kan tudu, nesa da gonar, suka laɓe a bayanta. Aka ce wa Injiniya ya shiga. Ya bi kan kunya yana tangaɗi, ƙafa ɗaya ba takalmi, hannuwa a ɗaure a gaba, har ya kai tsakiya ya tsaya. Uwar akwatunan tana ɗaure a jikin wani turke a cikin gonar, kuma dole sai an jona mata kwamfuta, don haka ni ma na tattare zanena na shiga. Aka ce Bappa ya koma tudu. Ya ce bai taɓa jin an kori mutum daga gonarsa ba, ya ɗauki butar da ke rataye a bukkar gona ya biyo ni.

Na zauna a kan kunya, kwamfuta a cinya, na jona. Uwar ta nemi mabuɗi. Doguwar kalmar sirri ce da na haddace, na rubuta ta fiye da yadda na rubuta sunana a shekarar. Na buga ta da sauri na danna. Uwar ta ƙi.

Ni na tsara ta haka: in aka ba ta mabuɗin da ba daidai ba, sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta toshe kunne na wani ɗan lokaci, in kuma aka sake kuskure, ba za ta saurari kowa ba sai washegari. Na tsaya gaban malamai na kare wannan dabara, har aka gyaɗa mini kai. Yanzu ga ta ta tsaya tsakanina da ran mutum, kuma ba ta san ni ba, ba ta san Injiniya ba.

Daga tudu aka ɗaga murya, "Me ake jira?"

Na ce, "Suna barci!"

Wani a cikinsu ya yi wata dariya marar daɗi. Injiniya bai juya ba. Daga inda yake ya ce, da bakinsa mai kumburi, "Madam, kar ka yi sauri. Ka goge hannu tukuna."

Na goge tafina a jikin hijabi. Na jira har uwar ta sake buɗe kunne, jiran da ban san tsawonsa ba, don ban iya duban agogo ba. Na yi bismillah, na buga da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, kamar mai koyon karatu. Na daɗe yatsana a saman maɓallin ƙarshe kafin na danna. Ta karɓa. Na aika umarnin su farka.

Ba abin da ya faru. Na san haka za a yi, amma sani daban, zama a ciki daban. Akwatin da ke barci ba ya jin kira sai lokacin da ya buɗe kunne da kansa, kuma Injiniya, don rowar batir, ya tsawaita barcin sababbin nan fiye da na baya. Gonar ta yi tsit, sai kwaɗi da suka fara kuka a bakin ruwa. Inuwar turken tana ta tsawo. Na fara lissafa abubuwan da za su iya lalacewa: ruwa ya shiga akwati, batir ya kwance a hanya, eriya ta karye a ƙarƙashin ciyawa. Ɗaya daga cikinsu ya isa. Na tuna matarsa ba ta san komai ba tukuna, wataƙila tana can tana ɗora tukunya, na rasa da wane baki zan tsaya a ƙofar gidanta. Na hangi jami'in ya fito daga bayan mota yana duban yamma, hannunsa a ƙugu. Bappa yana tsaye a bayana, ina jin ƙarar carbinsa.

Sai wani ɗan sauti ya fito daga cikin ciyawa, ƙit, dab da ƙafar Injiniya, koriyar fitila ta kama.

Injiniya ya watsa hannuwansa masu ankwa a kan kansa, ya zube cikin taɓo ya dunƙule. Shi ya haɗa akwatin nan da hannunsa, shi ya liƙa fitilar, shi ya zaɓi sautin. Amma tun azahar ake gaya masa da duka da ihu cewa bam ya dasa, har jikinsa ya yarda. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba.

Wani akwatin ya amsa a hagu, wani can ƙarshen gona, ƙit, ƙit, fitilu suna kamawa cikin shinkafa. Fuskar kwamfutar ta fara cika da lambobi, wannan karon a warware, kowane akwati da nasa danshin. Na ɗaga hannu ina kiran jami'in. Ya sauko a hankali, yana duban inda zai sa ƙafa. Na nuna masa layin akwatin da ke kusa da mu. Bappa ya yaye ciyawar da ke kansa, ya tsiyaya masa ruwan buta a gindi. Muka zuba wa kwamfutar ido mu uku. Lambar ta motsa, ta hau.

Jami'in ya ce a ƙara. Bappa ya ƙara, ta ƙara hawa. Ya sauke wani dogon numfashi, sai a lokacin na gane shi ma a tsorace yake tun ɗazu. Ya yafito mutanensa. Suka sauko suna dariya, dariyar waɗanda aka sauke wa kaya, wani har yana taɓa eriya da bakin takalmi. Aka ɗaga Injiniya zaune, aka kwance masa ankwa. Jami'in ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka riƙa sanin abin da za ka faɗa a cikin mutane."

Injiniya yana zaune cikin taɓo, rabin fuskarsa laka, yana bin fitilun da idonsa ɗaya mai gani. Na san abin da yake gani. Duk suna farke a banza, batir yana ƙonewa, ga gwaji gobe. Ko a wannan hali abin bai bar shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, a hankali, "Madam, batir zai ƙare. Ka ka..."

Sai ya tsaya.

Na san kalmar da ta maƙale masa. So yake ya ce in kashe su, yadda ake cewa a kashe fitila ko rediyo, maganar da duk mai Hausa yake yi kullum bai ko lura ba. Ya dubi masu bindigar da ke tsaye a kansa, ya dube ni. Na ga yana laluben wata kalmar a duk abin da ya sani, bai sami wadda ya amince da ita ba. Sai ya ɗaga hannunsa mai shatin ankwa ya nuna mini kwamfutar, ya sunkuyar da kai.

Na danna. Fitilun suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya, ni kuma kukan da na riƙe tun daga Adarawo ya ƙwace mini.